Sukarin Ƙarfe Biyar

Shekara tara ke nan ina kiwon fumfuna. Eh, fumfuna, 'yar uwar wadda take fitowa a jikin burodin da aka manta. Na faɗa tun farko don mai dariya ya yi abarsa ya gama, mu wuce. Rubutun nan naku ne, ku 'yan sikolashif da kuke sauka Manchester duk watan Satumba, ku shigo ɗakin tankunanmu da sabuwar farar riga mai karin guga, ku kalli kwamfuta minti biyu, ku ce, "Au, ashe na'ura ce take yin komai." Wata ta faɗa min haka a wajen suna a unguwar Hulme kwanan baya, bakinta cike da waina. Lokacin ina rabon abinci, ban samu sukunin amsa mata ba.

Sunana Ramlatu. Ina da shekara goma sha huɗu aka kawo ni wajen ƙanwar babana, Gwaggo Asabe, a unguwar Balsall Heath da ke Birmingham. Mijinta injiniya ne, 'ya'yanta kuwa tun suna rarrafe aka yanke musu hukuncin zama likitoci. Ni ina gama sakandare na ce karatun ya ishe ni haka. Na nemi koyon sana'a a wani ƙaramin kamfani a bayan garin Birmingham, masu yin sinadarin da ake sa wa garin sabulu don ya fi cin dauɗa. Fumfuna ce take yin sinadarin, a cikin tankunan ƙarfe. Shekara biyu Gwaggo tana gaya wa ƙawayenta wai "tana ɗan taɓa aikin kimiyya," da irin muryar da ake faɗin ciwon da ba a so a sani.

Aikin farko da aka ba ni wanki ne, kuma wata shida ban yi wani abu ba sai shi. Wadda ta koya min sunanta Doreen, dattijuwa ce 'yar asalin Jamaika, ta fi shekara talatin tana aikin, ba ta da ko rabin digiri. Kayan aikinta sifana biyu, tocila, ƙaramin madubi irin na likitan haƙori, sai hancinta. Kafin a zuba wa tanki komai sai an kwance shi kaf, a wanke, a duba kowane zoben roba da yake toshe mahaɗa, a mayar, a dafa shi da tururi har duk wani mai rai da yake ciki ya mutu. Ranar da ta fara barina in haɗa tanki ni kaɗai, akwai zobe ɗaya mai tsaga kamar silin gashi. Na gan shi sarai. Na ce ai ba komai. Kwana uku da zubi Doreen ta shigo, ta tsaya a bakin ƙofa, ta ja numfashi sau ɗaya, ta ce in ɗauko tiyo. Ƙwayoyin cuta sun bi ta tsagar sun cinye abincin fumfunar, lita ɗari biyu ya koma wari kamar kunun da ya kwana uku a rana. Ba ta yi min faɗa ba. Ta sa ni na dafa shi na zubar ni kaɗai, ita kuma ta jawo kujera ta zauna tana cin biskit tana kallona.

Ita ce ta fahimtar da ni abin da ku kuke haddacewa don jarrabawa. A jikin fumfuna akwai ƙwayoyin gado dubbai, kowace da abin da take sa jiki ya yi, amma ba duka suke aiki lokaci ɗaya ba. Kowace tana da makunninta. Tamu, a daji, ruɓaɓɓen itace take ci. Kafin ta ci itace sai ta fitar da wani furotin da yake narka shi, kuma yin furotin ɗin wahala ne. To ita ba wawuya ba ce. Muddin akwai sukari a kusa, wanda za ta sha ba tare da wahala ba, makunnin nan a rufe yake gam. Sai sukari ya ƙare, ta ji yunwa, ta kuma ji alamar abinci mai tauri, sannan ta buɗe shi. Masu ilimi suka ga haka, suka ɗauki ƙwayar gadon duk furotin da suke so, suka dasa ta a bayan wannan makunnin. Nasu aikin ya tsaya nan. Nawa kuma daga nan yake farawa: kwana biyu in ba ta sukari ta yi ƙiba, in bar shi ya ƙare tas, sannan in sa famfo ya dinga ɗiga mata sukarin madara, ɗigo-ɗigo, wanda ba zai ƙosar da ita ba kuma ba zai bari ta mutu ba. Kwana biyar ina riƙe da ita a haka. Ɗigon ya yi yawa, ta rufe makunni ta koma ƙiba. Ya yi kaɗan, ta fara cin kanta. Kumfa ta taso, iska ta yi ƙasa, ruwan ya yi kauri har fankar da take juya shi ta fara nishi, duk ni ce. Na'urar da kuke yabo ba abin da ta iya sai zana layi. Sai an samu wanda zai karanta.

Bayan shekara huɗu na koma Manchester, wani ɗakin tankuna kusa da Oxford Road, inda masu bincike da ƙananan kamfanoni suke kawo fumfunarsu a 'yar kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba, mu girmar musu da ita. Tankunan kaɗan ne, layi ake bi, mutum yakan jira wata uku kafin zubinsa ya zo. Na ga masu kawo kaya iri-iri. Akwai wanda ya kawo kwalba shida ba suna a jikin ko ɗaya, wai shi ya san su da ido. Akwai wadda ta ce tana son sakamako ranar Laraba saboda tana da taro, kamar fumfunar za ta duba kalanda. Duk waɗannan da sauƙi. Shekarar da ta fi kowace muni, ɗan gida ne ya kawo min ita.

Malam Ɗanlami malamin jami'a ne daga gida, ya kusa hamsin, yana shekarar ƙarshe ta digirin dakta. Sikolashif ɗinsa zai ƙare a Satumba, bizarsa ma tare. Babin ƙarshe na kundinsa ba zai rubutu ba sai ya nuna fumfunarsa ta ba da furotin a babban tanki. Idan bai nuna ba, ya koma gida da shekara huɗu a banza, ya tarar da waɗanda ya koyar sun zama shugabanninsa. An ba shi zubi huɗu. Tare da shi akwai Safiya, 'yar digiri na biyu, wadda ya koyar tun a gida. Ita take riƙe masa littafi, kuma ko a cikin lab, wato ɗakin gwaji, sai ta ɗan rusuna in za ta gaishe shi.

Ranar farko ya ji na amsa waya da Hausa.

"Ikon Allah, 'yar gida ce ashe! Ke 'yar wane ce?"

Na gaya masa.

"Wane digiri kika yi?"

"Ban yi ba, Malam."

"To, to. Ba laifi. Allah ya yi albarka, yarinya. Ki dinga wanke min kayan da kyau, kin ji?"

Zubi na farko, fumfunar ta girma har ta ba ni tsoro. Ruwan ya yi kauri kamar talgen tuwo. Aka auna furotin, babu, ko na shaida. Malam ya ce ruwan da na haɗa abincin da shi ne. Zubi na biyu na canza ruwa, na auna komai sau biyu a gabansa, aka sake samun talge. Ya ce tururin ya yi yawa ya ƙona abincin. Sai ya rubuta wa shugabanmu, wani Bature mai sanyin hali, cewa yana ganin aikin ya fi ƙarfin wadda ba ta da takarda. Kwana biyu na yi ina kwance tankin nan. Na canza zobba duka, na canza ma'aunin iska, na gwada famfo da agogo a hannu ina ƙirga ɗigo kamar mai sayar da turare. Zubi na uku, talge. Shugaba ya kira mu ya ce saura zubi ɗaya a watan Yuli, bayan shi tankin yana da masu shi har Kirsimeti.

Ranar na buga layukan zubi ukun a takarda, na shimfiɗa su a ƙasa, na durƙusa a kai. Akwai layin da yake nuna yawan iskar da ta rage a cikin ruwa. In fumfuna tana cin abinci da yawa, tana shan iska da yawa, layin ya faɗi. A kwanakin yunwa ya kamata ya miƙe sambal. Nasa kuwa kullum, ƙarfe biyar da 'yan mintoci na yamma, sai ya zube ƙasa, ya yi awoyi kafin ya taso. Kullum, a zubi ukun. Famfo bai canza gudu ba. Ni kuma ƙarfe huɗu nake tashi. Na je na ciro murfin robar da muke soka allura ta ciki in za mu zuba maganin kumfa, na haska shi da tocila. Sau biyu na soka shi a zubin nan. Na ƙirga rami bakwai.

Na tare Safiya a ɗakin canza kaya.

"Me ake zuba wa tankin nan ƙarfe biyar?"

"Wallahi Anti, ni ban..."

"Kada ki rantse, ki ɗauki zunubi a banza. Na ga ramukan allura."

Ta kalli ƙofa, ta rage murya. "Guzuri ne."

"Guzurin me? Tafiya za ta yi?"

Sai ta warware min. A lab ɗinsu na gida, da yamma wuta takan ɗauke, famfo ya tsaya, da safe a zo a tarar fumfuna ta mutu da yunwa. Don haka kowa ya saba, kafin ya rufe ƙofa sai ya cika sirinji da ruwan sukari ya tsira wa tankinsa, ko da wutar za ta kwana ba ta dawo ba. Shekara goma sha biyar Malam yana yin haka. Bai taɓa rubuta shi a littafin gwaji ba, don a wurinsa ba gwaji ba ne, kamar kashe fitila ne in za a fita.

"Ke kin san sukarin nan yana rufe makunnin?"

"Na sani. Shi ne ma ya koya mana a aji uku."

"To?"

"Anti, malamina ne fa. Shi ya sa min hannu a takardar sikolashif. Da wane baki zan ce Malam ka yi kuskure?"

"Da wanda kike cin abinci da shi. Wata huɗu kina tsaye kina kallo ana cewa ban iya wanki ba?"

"Ki yi haƙuri. Na yi ta addu'a ya gane da kansa."

Ku ji fa. Mutum biyu masu digiri uku a tsakaninsu, ɗaya yana zuba sukari, ɗaya tana addu'a.

Washegari na same shi a gaban tanki. Da Hausa na yi maganar don kada Turawan ɗakin su ji, kuma wannan ita ce iyakar karar da na yi masa. Na ajiye murfin robar a kan littafinsa, na ce, "Malam, kai ne kake kashe aikinka. Sukarin da kake zubawa ƙarfe biyar shi yake rufe makunnin. Kullum sai ta kusa buɗewa, ka zo ka ƙosar da ita."

Ya cire tabarau. "Ɗan wannan? Bai fi cokali biyu ba."

"Ita ba ta san cokali ba. Ta ji sukari, ta rufe."

"Ke, yarinya. Na rubuta takarda a kan makunnin nan tun kina firamare."

"Ka rubuta, Malam. Fumfunar ce ba ta karanta ba."

Safiya ta sunkuyar da kai kamar za ta shige cikin kwata. Shi kuma ya ɗauki jakarsa ya fita.

Kafin la'asar maganar ta isa Birmingham. Hausawan ƙasar nan ba su da yawa, amma wayarsu ba ta hutawa. Gwaggo ta kira ni ina cikin bas.

"Ramlatu, an ce kin zagi malami a gaban ɗalibarsa."

"Ban zage shi ba, Gwaggo. Gyara na yi masa."

"Gyara! Sa'an babanki? Ke wa ya aike ki? Abokin mijina Alhaji ne fa tun suna makaranta. Da kin zo kin gaya wa Alhaji, shi ya san yadda zai shigar masa da ita a hankali."

"Zubi ɗaya ya rage masa. Kafin ku gama a hankalinku an sa shi a jirgi."

"Ni dai gobe ki je ki ba shi haƙuri. Na gama magana."

Na je. Na ba shi haƙuri a kan muryata, na ce maganar kuma tana nan yadda na faɗe ta. Na ce abu biyu ne, ya zaɓa: ko in kai wa shugaba murfin robar nan da layukan, ko kuma a zubi na ƙarshe kullum ƙarfe huɗu mu fita tare, ya ba ni katin ƙofarsa in tafi da shi gida. Ya ce, "Idan ta mutu, a wuyanki." Na ce na ɗauka.

Ranar Litinin muka zuba. Na rufe wajen allurar da hular roba na ɗaure da ɗan zare, abin da ko almakashin farce zai yanke. Laraba da hantsi sukari ya ƙare, layin iska ya yi sama kamar an harba shi. Malam ya miƙe tsaye.

"Tana mutuwa!"

"Yunwa take ji. Zauna, Malam."

"Ki duba ruwan, ya fara saki."

"Haka ake so."

Na jira minti arba'in cur kafin na kunna famfon ɗigo. A minti arba'in ɗin nan ya zagaya tankin ya fi sau ashirin, yana leƙa 'yar tagar gilashi yana salati. Ƙarfe huɗu ya miƙo katin da yatsa biyu, bai kalle ni ba.

Juma'a ce ta fi wuya, saboda kwana biyu za a yi ba kowa, ga katinsa a hannuna. Ya dawo daga masallaci ya same ni ina ɗibar samfur.

"Ramlatu." Ranar ya fara kiran sunana. "Rabin sirinji kawai. Saboda Asabar da Lahadi."

"A'a."

"Idan wuta ta ɗauke fa?"

"Malam, ginin nan yana da janareta, famfon yana da batir, in wani abu ya tsaya wayata za ta yi ƙara. Ba za ta ɗauke ba."

"Ke ba ki taɓa zuwa da safe kin tarar da aikin wata shida ya mutu ba."

"Ban taɓa ba. Kai kuma ba ka taɓa barinta ta yi aikin ba."

Ya juya wajen Safiya, yana neman mai goya masa baya. Ita kuwa ta samu wani abu mai muhimmanci a jikin takalminta tana dubawa. Na bar su nan na tafi sallah, na ci abinci, na yi kusan awa ɗaya. Da na dawo zaren yana nan yadda na ɗaure shi.

Ranar Litinin muka sauke. Ruwan ya fito tsararo, launin shayi, da ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa. Tun kafin a auna na san an samu. Da aka auna, furotin ya ishi babinsa har da saura. Malam ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdulillahi, addu'a ta karɓu." Safiya ta ce amin. Ni na ɗauko tiyo, don wankin tankin yana jirana.

Saura abu ɗaya. Takardun kowane zubi sai da sa hannuna suke shiga kundi. Ya kawo min su, na karanta, na ga ya rubuta wai zubi uku na farko sun lalace saboda matsalar na'ura. Na mayar masa da biron. Na ce na'urata lafiyarta ƙalau, ya rubuta sukarin, da yawansa, da lokacinsa, in sa hannu. Kwana uku yana fushi, sannan ya rubuta, don ba shi da wata hanya. To ranar kare kundi, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya ce wannan sashen ya fi burge shi: yadda Malam ya nuna, sau uku a jere, cewa ɗan sukari kaɗan sau ɗaya a rana ya isa ya rufe makunnin. Wai tsari ne mai kyau. Safiya ta ce min Malam ya yi murmushi, ya ce ya gode. Yanzu Dakta ne. An ce a gida har darasi yake yi a kan gwajin.

Ana gobe zai tashi ya zo sallama. Ya ba ni ƙullin kilishi, ya ce, "Yarinya, kina da ƙwaƙwalwa. Ki koma makaranta, kada ki ƙare a wanki." Na ce to, Malam, Allah ya kiyaye hanya, a gaida gida.

Bayan ya fita na je tattara fararen rigunan da za a kai wanki. Tasa tana rataye tun watan Yuli, ba wanda ya taɓa ta. Dokarmu ce a laluba aljihu kafin a jefa riga a buhu. Sirinji biyu na tarar, cike da ruwan sukari, da murfinsu, a jiki ya rubuta kwanan watan Juma'ar nan da hannunsa. Awa ɗaya na bar shi da tankin, da zaren da farce zai tsinke, da waɗannan a aljihu, kuma bai zuba ba.

A duk shekara huɗun da ya yi a ƙasar nan, wannan awar ce kaɗai ya yi aikina. Na jefa sirinjin a kwandon allurai, na ci kilishin.